Shin ƙaruwar tsayin mutane daga kakanni zuwa jikoki juyin halitta ne?

Baban Ummi, Kawo:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu ilimin kimiyya da ke cikinmu su raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Wani daga cikinmu ya kawo labarin mutanen ƙasar Holan, cewa a tsakiyar ƙarni na 19 matsakaicin tsayin namijinsu bai wuce santimita 165 ba, har ana lissafa su cikin gajerun Turai, amma yau samarinsu sun kai kusan santimita 183, kuma babu ƙasar da ta kamo su. Shi a ganinsa wannan shi ne juyin halittar da ake koya wa 'ya'yanmu a sakandare, ga shi nan ƙiri-ƙiri ana iya auna shi. Wani kuma ya ce ko kusa, madara da cuku ne kawai suka ƙaru a akushinsu. Ni dai na kasa ba kowa gaskiya, domin idan siffar al'umma guda ta sauya daga kakanni zuwa jikoki, wane suna za a ba abin in ba wannan ba?

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Baba. Alƙaluman da aka kawo muku daidai ne, hukuncin da aka ɗora a kansu ne yake da gyara. A wurin masana ilimin halittu ba kowane sauyi a siffar jiki ake kira juyin halitta ba. Sharaɗinsa shi ne a sami sauyi a ƙwayoyin gadon da al'umma ke ɗauke da su, wato wani nau'in ƙwayar gado ya yawaita ko ya ragu a cikin jama'a daga zuriya zuwa zuriya, ko dai saboda masu ɗauke da shi sun fi barin 'ya'ya a bayansu, ko saboda ƙaura da auratayya, ko kuma bisa katari kawai idan al'ummar 'yar ƙarama ce. Idan kuwa ƙwayoyin gadon suna nan yadda suke, jiki ne kawai ya sami abin da a da bai samu ba, to abin da ya faru ingantuwar rayuwa ce.

Ku dubi Koriya. Har zuwa 1945 al'umma ɗaya ce, harshe ɗaya, jini ɗaya, sannan aka raba ta biyu. A yau 'yan Kudu sun fi 'yan'uwansu na Arewa tsayi da santimita masu dama, alhali kakanninsu ɗaya. Babban binciken da aka wallafa a 2016 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Majid Ezzati na Imperial College da ke Landan, wanda ya kwatanta waɗanda aka haifa a 1896 da waɗanda aka haifa a 1996 a ƙasashe 200, ya nuna cewa matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kimanin santimita 20, mazan Iran kuma da kimanin 16 da rabi. Shekara ɗari kuwa zuriya uku ce ko huɗu, kuma babu yadda ƙwayoyin gadon miliyoyin mutane za su juya haka a cikin wannan ɗan lokaci. Haka nan masanin nan Barry Bogin ya auna 'ya'yan ƙabilar Maya da iyayensu suka yi ƙaura daga Gwatamala zuwa Amurka, ya tarar sun fi sa'o'insu da suka rage a gida tsayi da fiye da santimita 10, a zuriya ta farko kacal.

Tela, Kasuwar Barci:

Malama, ni ba ɗan boko ba ne mai zurfi, amma awo sana'ata ce, kuma abin da kika faɗa ina ganinsa duk lokacin ɗinkin sallah. Uba zai zo da ɗansa, in ɗora tef a kafaɗar uban in sauke zuwa inda yake son rigar ta tsaya, in rubuta, sannan in juya kan yaron da bai gama sakandare ba, sai in ga dole in ɗaga hannu kafin in kai kafaɗarsa. Shaddar da ta ishi uban riga da wando, ɗan sai an ƙara masa rabin yadi, in ba haka ba wandon ya tsaya a ƙauri. Wannan a gidajen da ke da hali nake ganinsa. Amma yaran da ake kawo mana koyon ɗinki daga ƙauye, za a ce maka yaro ya shekara goma sha takwas, ka dube shi ka rantse bai wuce sha huɗu ba, ƙafarsa da ƙyar take kai wa fedar keke. Dukansu Hausawa ne, wasu ma dangin juna ne.

Ɗalibi, Samaru:

Malama, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Abin da aka koya mana shi ne tsayi yana cikin siffofin da gado ya fi tasiri a kansu. Tun a 1886 Francis Galton ya nuna yadda tsayin 'ya'ya ke bin na iyaye, kuma binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na bambancin tsayi tsakanin mutane daga gado yake. A 2022 ma an wallafa wani bincike da ya duba ƙwayoyin gadon mutum miliyan 5.4, ya gano wurare sama da 12,000 da ke da alaƙa da tsayi a cikin DNA, wato rubutun gadon da ke cikin jikinmu. Hausawa ma sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To idan kashi 80 na gado ne, kashi 20 kawai ya rage wa abinci da lafiya, ta yaya wannan ɗan kashin zai ɗaga al'umma guda da santimita 18? Ni a lissafina dole gadon ma ya motsa.

Malamin Gona, Mando:

Ɗana, tambayarka ta mai karatu ce, kuma a daidai wurin nan mutane da yawa suke tuntuɓe, har da masu digiri. Wannan kashi 80 ba yana nufin kashi 80 na tsayin mutum daga iyaye yake, sauran daga tuwo ba. Yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin mutanen da suke zaune wuri ɗaya, a zamani ɗaya, suna cin kusan abinci iri ɗaya. Ba ya cewa komai game da bambancin da ke tsakanin wannan zamani da wancan.

Bari in kawo maka abin da na sani. Ka ɗebi masara daga buhu guda, ka shuka rabi a gonar da ta sha taki da ruwa, rabi kuma a jigawar da ta gaji. Idan ka shiga gona ta farko za ka ga wani karan ya fi wani tsayi, kuma tunda ƙasa ɗaya suke sha, yawancin wannan bambanci daga ƙwayar irin yake. Haka za ka gani a gona ta biyu. Amma idan ka tsaya a kan iyaka ka dubi gonakin biyu, ta farko ta shanye kanka, ta biyu iyakarta ƙugu, wannan bambancin gaba ɗayansa na taki ne, tunda buhu ɗaya ka ɗebo. Yanzu ka ɗebi iri daga gonar mai kyau ba tare da zaɓe ba, baɗi ka kai shi jigawa, zai koma gajere kamar bai taɓa ganin taki ba. Sai fa idan kowace shekara kana bin gona kana tsince zangarniyar karan da ya fi kyau kana ajiyewa don iri, to a nan ne irin kansa zai sauya, kuma aikin da masana ke yi ke nan a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke maƙwabtaka da ku, inda ake fitar da nau'o'in masarar SAMMAZ. Tambayar da ke gabanmu ita ce: mutanen Holan taki suka samu, ko kuwa an yi zaɓen iri a cikinsu?

Ɗalibi, Samaru:

Na gode, Baba, wannan ya shige ni. Amma tambayar da ka rufe da ita tana da amsa, kuma ba a ɓangarenku take ba. A 2015 wani masani ɗan Holan, Gert Stulp, tare da abokan aikinsa sun duba bayanan dubban mutane a arewacin ƙasar, suka gano cewa dogayen maza sun fi gajeru yawan 'ya'ya, a mata kuma masu matsakaicin tsayi ne suka fi. Idan dogaye sun fi haihuwa, kuma tsayi ana gadonsa, ai sharaɗin da Malama ta gindaya ya cika. Zaɓen iri ke nan, sai dai babu manomin da ya tsaya a kai, mata ne da yanayin rayuwa suka yi zaɓen.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Ka kawo hujja ta gaskiya, ƙanena, kuma ban musa ba. Sai dai akwai ci gaban labarin. A cikin shekarar nan ta 2015 wasu masanan suka ɗauki alƙaluman Stulp ɗin, suka sa su a lissafin da masu kiwo da masu samar da iri ke amfani da shi wajen hasashen yadda zuriya za ta sauya, suka tambayi nawa irin wannan fifikon haihuwa zai ƙara wa Holan a shekara 150. Amsar da ta fito ba ta kai rabin santimita ba. Ke nan a cikin santimita 18 ko 20 da ake magana, rabon zaɓin yanayi bai fi 'yan milimita ba, sauran duk na madara ne, da ruwa mai tsabta, da rigakafi, da raguwar yawan 'ya'ya a ɗaki ɗaya, da tsarin da ya sa ɗan talaka ma yana ganin likita.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban sha'awa. A garin Framingham na Amurka, inda ake bin lafiyar mazauna tun 1948, an tarar matan da suka ɗan fi gajarta ne suka fi yawan 'ya'ya. Wato a can zaɓin yanayi yana jan mata zuwa ƙasa, amma duk da haka 'ya'ya mata na ƙarni na 20 sun fi kakanninsu tsayi. Da tsayin da muke gani da ido shi ne ma'aunin juyin halitta, da mun karanta alƙiblar a juye.

Malam, Tudun Wada:

Jama'a, ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, kuma ina so in sa baki kafin wani ya kawo maganar ta hanyar da za ta ta da ƙura. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya halicci Annabi Adamu, alaihis salam, tsayinsa kamu sittin, kuma halitta ba ta gushe tana raguwa ba. Musulmi yana gaskata abin da ya inganta daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Amma yana da kyau ɗalibai su san cewa magabata ba su ji tsoron duba abin da ido ke gani ba. Alhafiz Ibn Hajar, a sharhinsa na Bukhari, da ya zo kan wannan hadisi, ya ambaci gidajen Samudawa da aka sassaƙa a duwatsu, ya ce girman gidajen bai nuna cewa mazaunansu sun yi tsayin da ake tsammani ga mutanen da suka daɗe haka ba, kuma ya faɗa a fili cewa bai sami abin da ya warware masa wannan ba. Bai ƙaryata hadisi ba, bai kuma ƙaryata dutse ba.

Abu na biyu, a fahimtata muhawarar nan ba ta taɓa asalin ɗan Adam ba. Ana magana ne a kan yadda 'ya'yan Adam suka bambanta a tsakaninsu bayan sun bazu a ƙasa, kuma Alƙur'ani a Suratur Rum, aya ta 22, ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Don haka ku ci gaba, amma kowa ya san iyakar fagensa.

Baban Ummi, Kawo:

Allah ya gafarta Malam, ka ɗauke mini nauyi, domin wannan na cikin abin da ya hana mu daidaitawa a majalisa. Mu mun taso muna jin cewa mutanen da ƙatti ne, ana ba mu labarin Barbushe na Dala da ke kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, yanzu kuma ana ce mana jikoki ne dogaye. Malama, ƙasusuwan da ake tonowa me suka nuna?

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Baba, ɓangaren hadisi na bar wa Malam, shi ne gwaninsa. Abin da ƙasusuwa suka nuna shi ne tsayin mutane bai taɓa tafiya a miƙe ba, hawa da sauka yake yi. Mafarautan da suka zauna a Turai kimanin shekara 30,000 da suka wuce dogaye ne, mazansu ba su da nisa da Turawan yau. Daga baya tsayi ya ragu, kuma da aka fara noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce ya ƙara raguwa a wurare da yawa, saboda mutane sun koma dogaro da hatsi iri ɗaya ko biyu, sun cunkushe wuri guda tare da dabbobinsu, cututtuka suka sami hanya. A nan ne aka yi wani aiki da ya dace da tambayarmu sosai. A 2022 wasu masana suka duba DNA ɗin da aka ciro daga ƙasusuwan mutanen da, suka lissafa tsayin da gadonsu ya nuna ya kamata su kai, sannan suka kwatanta da tsawon ƙashin cinyarsu na zahiri. Manoman farko na Turai sun gaza abin da ake tsammani da kusan santimita 4 idan aka gwada su da mafarautan da suka gabace su. Ga gado, ga jiki, an auna kowanne daban, an ga inda rayuwa ta ci mutum bashi.

Ko a kusa-kusan nan, a ƙarni na 19 Amurkawa sun fi mutanen Holan tsayi nesa ba kusa ba, kuma waɗanda aka haifa a Amurka daga wajen 1830 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya sun fi iyayensu gajarta duk da cewa arzikin ƙasar yana bunƙasa, saboda birane sun cika, abinci ya yi tsada ga ma'aikaci, cuta ta yawaita.

Maman Sadiq, Rigasa:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara, kuma ina so in dawo da maganar gida, domin muna ta Holan da Koriya alhali abin yana ƙofar ɗakinmu. Ranar awo, yaron da bai kai shekara biyu ba kwantar da shi muke yi a kan allon awo, uwar ta riƙe kansa ya taɓa katakon sama, ni in danne gwiwoyinsa da hannu ɗaya in turo katakon ƙasa har ya taɓa tafin ƙafarsa, yana ta tsala ihu, sannan in duba lambar in nemi wurinta a jadawali. Sau da yawa yaron ba ramamme ba ne, kumatunsa a cike, uwar ma tana mamakin abin da ya sa na yi shiru. Amma ɗigon da na sa ya faɗo can ƙasa da layi. Ɗan wata ashirin ne da tsayin ɗan shekara ɗaya. Wannan shi ne tsumburewa, kuma idan na faɗa wa uwar, amsar da na fi ji ita ce, ai gidansu haka suke, kakansa ma gajere ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas kashi 18. Babu mai hankalin da zai ce gadon Bahaushe ne ya ninka na Inyamuri sau uku wajen gajarta, musamman da yake Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta haɗa jadawalin da muke amfani da shi, ta auna yaran da suka sami kulawa mai kyau a Ghana da Indiya da Oman da Norway da Brazil da Amurka, ta tarar girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne. Abin da ke cin yaranmu sananne ne: ciki ba tare da isasshen abinci ba, ba jariri ruwa tun kafin wata shida, yaye da tsinkakken kunu wanda babu gyaɗa ko waken suya a ciki, gudawa a kai a kai, zazzaɓin cizon sauro, da hatsin da ya yi fumfuna a rumbu. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi duka. Shekara goma sha takwas bayan haka sai yaron ya je neman aikin soja, a tsayar da shi jikin sanda, a ce bai kai mita 1.68 ba, ya dawo gida yana cewa haka Allah ya yi shi.

Binciken 2016 ɗin da Malama ta ambata ya nuna cewa a Nijar da Ruwanda da Saliyo da Yuganda tsayin manya raguwa ya yi a 'yan shekarun baya. Idan ƙaruwar Holan juyin halitta ce, to sai mu ce maƙwabtanmu na Maraɗi suna juyawa baya ke nan, kuma ba na jin akwai wanda zai yarda da haka.

Tela, Kasuwar Barci:

Anti, maganar matan nan da kika kawo ta tsaya mini a rai, domin ni ma na san gidajen da kaka gajeriya, uwa gajeriya, jika gajeriya, kuma yanzu ba su rasa abinci ba. Idan yunwa ce ta gajarta kakar, ta yaya abin ya bi jini har ya iso jikar? Wannan ba gado ba ne?

Maman Sadiq, Rigasa:

Yana bin zuriya, Yaya, amma ba lallai ta hanyar ƙwayoyin gado ba. Macen da ta tsumbure tana ƙarama takan girma da ƙaramin jiki, kuma ta fi yiwuwar haifar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, balle idan ta ɗauki cikin ita kanta ba ta gama girma ba, jikinta da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya. Jaririn da ya fara da giɓi yakan tashi da giɓi, idan mace ce kuma ta kai shi ga nata 'ya'yan, sai dai giɓin yana raguwa a kowace zuriya muddin akwai abinci da lafiya. Shi ya sa ko a ƙasashen da suka ci gaba tsayin bai tashi dare ɗaya ba, sai da ya ɗauki zuriya huɗu ko biyar yana hawa a hankali.

Malamin Gona, Mando:

In ƙara a kan na Maman Sadiq. Tunanin cewa abin da ya sami jikin iyaye yana shiga gadon 'ya'ya tsoho ne, da sunan Bafaranshen nan Lamarck aka fi saninsa. Wani Bajamushe, August Weismann, ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye zuriya bayan zuriya a ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk ɗan da aka haifa da cikakkiyar wutsiya ya fito. Gaskiya ne an gano cewa waɗanda suke ciki lokacin yunwar da ta afka wa Holan a hunturun 1944 zuwa 1945 sun rayu da wasu alamomi a kan DNA ɗinsu, waɗanda ke shafar yadda ƙwayar gado ke aiki, har bayan shekara sittin. Amma alama ce a kan rubutun, rubutun kansa bai sauya ba.

Ɗalibi, Samaru:

To na sallama a kan ƙarni ɗaya ko biyu. Amma kada a tashi daga nan da tunanin cewa duk bambancin tsayi na tuwo ne. Mutanen dajin Kwango irin su Mbuti da Efe, matsakaicin namijinsu bai kai santimita 150 ba, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa gwargwadon yadda mutum ya haɗa jini da maƙwabtansu manoma, gwargwadon tsayinsa. Abin mamaki ma, Baka na Kamaru ana haifarsu da girma daidai da kowa, sai a shekara biyun farko girman ya ja baya, su kuwa Efe tun daga ciki suke fitowa ƙanana, wato hanya biyu daban ta kai su ga siffa ɗaya. A ɗaya gefen ga Dinka na Sudan ta Kudu, waɗanda yaƙi da yunwa ba su hana su zama cikin dogayen duniya ba. A Peru kuma an gano wani nau'i na ƙwayar gado mai suna FBN1 wanda kowane kwafi ɗaya yake rage wa mutum kimanin santimita 2. Waɗannan dubban shekaru suka ɗauka, kuma su kam babu sunan da ya dace da su sai juyin halitta, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da AS, wato kwafi ɗaya na ƙwayar gadon sikila.

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

A nan ba mu da saɓani, kuma misalin sikila da ka kawo ya fi tsayi sauƙin nunawa, domin ƙwayar gado ɗaya ce, ana iya ƙirga masu ita a ɗakin gwaji, an kuma san dalilin yawaitarta tun aikin Anthony Allison a Gabashin Afirka a 1954. Tsayi kuwa dubban ƙwayoyi ne, yawancinsu da ɗan tasirin da bai kai milimita ɗaya ko biyu ba, shi ya sa kuskure yake da sauƙi. A 2012 an wallafa cewa an sami shaidar zaɓin yanayi ya fifita tsayi a arewacin Turai fiye da kudancinta, aka yi ta yayatawa, sai a 2019 ƙungiyoyi biyu na masana suka sake lissafin da bayanan Birtaniya masu tsabta, shaidar ta ragu ƙwarai, domin a lissafin farko an cakuɗa tasirin gado da bambancin asalin mutanen da aka auna. Sannan wurare 12,000 da ka ambata suna bayyana kusan kashi 40 na bambancin tsayi a Turawa, amma a sauran al'ummomi kashi 10 zuwa 20 ne kawai, saboda yawancin waɗanda aka auna Turawa ne. Don haka duk wanda ya zo ya ce maka kimiyya ta tabbatar da cewa Bafulatani ya fi Bahaushe ko Bagwari tsayi saboda gado, ka tambaye shi inda aka ware tasirin nono da kindirmon da ɗan rugga ke sha tun yana rarrafe.

Malamin Gona, Mando:

Akwai wani labari kuma daga Holan ɗin da ya kamata Baban Ummi ya kai majalisa. A 2021 hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta sanar cewa mazan da aka haifa a 2001 sun gaza waɗanda aka haifa a 1980 da santimita 1, matan kuma da 1.4. Hukumar ta ce shigowar baƙi daga ƙasashen da mutanensu ba su kai su tsayi ba yana cikin dalilai, amma ta ƙara da cewa ko a cikin waɗanda iyayensu duka biyu haifaffun ƙasar ne, tsayin ya daina hawa.

Ɗalibi, Samaru:

Madalla. To Malama, ke da bakinki kika lissafa ƙaura da auratayya cikin abubuwan da ke sauya ƙwayoyin gadon al'umma. Ashe ke nan santimita 18 da Holan ta ƙaru ba juyin halitta ba ne, amma wani yanki na santimita ɗayan da ta ragu shi ne?

Malamar Kimiyya, Unguwar Rimi:

Bisa ma'anar da ke littafi, haka ne, matuƙar baƙin sun zo da nau'o'in ƙwayoyin gado a wani kaso daban da na 'yan ƙasa, kuma sun zauna sun hayayyafa a can. Sai dai ka lura da cewa da yawa cikin baƙin nan daga Turkiyya da Maroko da Surinam suka fito, inda su ma iyayensu suka tashi cikin ƙarancin abinci da magani, kuma 'ya'yansu da aka haifa a Holan sun riga sun fi iyayen tsayi. Sai jikokinsu da tattaɓa-kunnensu sun girma a kan madara ɗaya da asibiti ɗaya da sauran jama'a, giɓin da Maman Sadiq ta bayyana ya gama rufewa, sannan za a iya auna abin da ya rage a ce wannan na gado ne.